Littafin awoyin Baba Kanal, da abin da ke cikinsa na tarihin Nijar

Ranar sadakar bakwai ta Baba Kanal, tsohon matuƙin jirgin sojan Nijar, bayan an shafa fatiha mutane sun fara naɗe tabarmi daga rumfar ƙofar gida, Hajiya ta aiko yaro ya kira ni ciki. Na tarar da ita zaune a kan darduma, gabanta wata tsohuwar jakar fata irin ta Agadas. Ta turo mini ita ta ce, "Ɗana, kai ne mai yawan yi masa tambaya. Duba waɗannan ka gaya mini, na ajiyewa ne ko na zubarwa?"

Littattafai uku ne masu bangon kwali, gefensu ya yi baƙi don yawan taɓawa. Su ne matuƙan jirgi na nan ƙasar ke kira karne, wato littafin da ake rubuta kowane tashi a ciki. Kowane shafi an ja masa layuka: kwanan wata, irin jirgin, lambarsa, matsayin mutum a ciki, inda aka tashi, inda aka sauka, awoyin rana, awoyin dare. Ƙarshen wata a tara lissafi, shugaban rundunar ya sa hannu ya buga hatimi. Babu labari a ciki, babu "na ji tsoro" ko "mun tsira da ƙyar". Lambobi ne da sunayen garuruwa, da rubutun hannu mai tsabta irin na waɗanda suka sha bulalar mushe, wato malamin boko, a lakwal.

A wajen ta'aziyya kowa "jarumi" yake cewa. Har na ji wani saurayi a fadar ƙofar gidanmu yana tambayar abokinsa ko jirage nawa tsohon ya harbo a rayuwarsa. Bai harbo ko ɗaya ba, kuma bai taɓa tuƙa jirgin da ke da bindiga ba. Nijar ba ta mallaki jirgin yaƙi mai fiffike ba sai a 2013, da aka sayo Sukhoi 25 guda biyu daga Yukren, lokacin shi ya daɗe da tuɓe kaki yana kiwon tumaki a bayan gida. Aikinsa ɗauka ne da kaiwa. Ina ganin wanda bai fahimci wannan ba bai san mutumin da ya zo yi wa addu'a ba, kuma bai san abin da jirgin soja yake nufi a ƙasa irin tamu ba.

A fara da faɗin ƙasar. Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ce, kashi biyu cikin uku hamada. Daga Yamai zuwa Difa ta mota ya haura kilomita 1,300. Zuwa Agadas, in ka bi ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Tawa, kusan 950. Daga Agadas kuma in ka nufi Dirku ko Bilma, babu kwalta sam, sai yashi da sawun wanda ya riga ka, in iska ba ta shafe shi ba. Hanyar Tawa zuwa Arlit da muke kira hanyar yuraniyom sai wajen 1980 aka gama ta. Kafin nan, in mace ta kasa haihuwa a wani barikin arewa, ko albashin ma'aikatan Bilma ya fito, ko akwatunan zaɓe na jiran a kai su, ko dai jirgi ko kuma kwana da kwanaki a bayan kamiyo. Wannan ne ya sa tun 1961, shekarar da aka kafa rundunar sojan ƙasa, aka kafa mata ƙaramin reshen sama da tsofaffin jiragen da Faransa ta bari, irin su C-47 da ɗan ƙaramin Broussard mai inji ɗaya. A 1989 aka ɗaga reshen ya zama rukuni, sai a 2003 ya tsaya da ƙafarsa a matsayin rundunar sojan sama mai hafsanta. Kusan duk aikin Baba Kanal ya faɗo ne a zamanin da ƴan sama ƴan tsiraru ne a cikin sojan ƙasa, ana yi musu kallon ƴan gata masu takalmi mai tsabta.

Shi Ba'adare ne, daga wani ƙauye da ba shi da nisa da Tawa. Yakan ce da dariya ba son boko ya kai shi lakwal ba, dogarin sarki ne ya zo neman yara, masu hali suka ɓoye nasu, aka kama ɗan talaka. Lissafi ya yi masa sauƙi, ya wuce kolej a Tawa, ya zo lise a Yamai, daga nan soja suka ɗauke shi, aka tura shi Faransa. Can akwai makarantar hafsoshin sama a Salon-de-Provence wadda ke da aji na musamman don ƴan Afirka, sannan masu tuƙin jiragen ɗaukar kaya su wuce Avord. Shafukan farko na littafin duk sunayen garuruwan Faransa ne, tashin minti arba'in, na awa ɗaya, malami a gefe. Akwai layi guda da ya ja wa jan biro a ƙasa. Ranar ce aka bar shi ya tashi shi kaɗai.

Nan ne matsala ta farko take. Ƙasar da ba ta horar da matuƙanta a gida, yawan matuƙan da za ta samu yana hannun wanda ke ba ta gurbi a makarantarsa. Haka nan irin jirgin da aka ba ka shi ke zaɓa maka harshen da za ka koya da ƙasar da za ka dinga roƙo. An fara da na Faransa, aka karɓi tsofaffin Noratlas daga Jamus ta Yamma, sai Dornier na Jamus, sai Hercules na Amurka, daga baya masu saukar ungulu samfurin Rasha, yanzu ga marasa matuƙi na Turkiyya. Kowane da littafin gyaransa, da mansa, da kayan aikinsa. Sifanar da ke kwance noti a jirgin Amurka ba ta shiga na Rasha, don ɗaya da inci aka auna shi, ɗaya da milimita. Ƙaramar runduna mai jirage iri bakwai ko takwas tamkar magidanci ne mai mata huɗu kowace da yarenta, ga shi ba ya jin ko ɗaya sosai. Kayan aro ba ya rufe katara, amma wanda bai da nasa ba ya zaɓen launi.

Ya dawo gida ya faɗa cikin yunwa. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi a arewa, mutane suka gangaro kudu, har aka kafa sansanin ƴan gudun yunwa a Lazare, wurin da yau ya zama unguwa cikin Yamai, yara na wasan ƙwallo ba su san asalin sunan ba. Jiragen sojan ƙasashen waje, har da na Beljiyam da Jamus ta Yamma da Kanada, sun yi jigilar hatsi a Sahel a wannan lokaci, ƴan jiragenmu na bin bayansu da abin da suka iya ɗauka. A littafin, shafukan wannan zamani sun cika maƙil: Yamai, Tawa, Agadas, Yamai, washegari a sake. Shi a lokacin mataimaki ne a kujerar dama cikin Noratlas, jirgin nan mai jela biyu da ake buɗe masa baya a loda buhuna. Ya taɓa gaya mini cewa abin da bai manta ba shi ne matan da ke tsugunawa a gindin jirgi bayan an sauke kaya, suna tsince ƙwayar dawa daga cikin yashi ɗaya bayan ɗaya. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani, kuma cikin dalilan da sojoji suka bayar har da yadda aka tafiyar da taimakon abincin. Su da ke ɗaukar buhunan sun san nawa aka loda, sun kuma ga nawa ya isa.

Wata rana da azahar cikin watan Afrilu, zafi ya kai inda ko ƙadangare ba ya fita, na same shi ƙarƙashin dogon yaro yana hura gawayin shayi. Na ce, "Baba, me ya sa a labaranku kullum da asuba kuke tashi? Dokar soja ce?"

Ya ce, "Dokar Allah ce, yaro." Ya ɗauki murfin buta ya riƙe shi a kwance kamar fiffike. Ya ce jirgi a kan iska yake kwanciya, kamar yadda kwalekwale ke kwanciya a kan ruwan Isa. In iska ta yi zafi sai ta saki, ta yi sako-sako, fiffike ba ya samun abin dafawa sosai, farfela ba ta samun abin kamawa, injin ma ƙarfinsa ya ragu. Saboda haka jirgin da zai tashi da cikakken lodi da sanyin safiya, in rana ta take sai ya nemi titi mafi tsawo, ko a rage masa kaya. Agadas kuma ta fi Yamai tudu, tana wajen mita 500 sama da teku, abin ya ƙara tsananta. Titin ƙasa na barikokin hamada ba ya ƙara tsawo don wani babba ya makara.

Daga nan ya ba ni labarin wani babban ma'aikacin gwamnati a wani gari na arewa, wanda ya zo filin jirgi da rana tsaka da iyalinsa, da raguna biyu, da buhunan dabino da gishiri, ya ce a loda. Mai kula da lodi ya auna ya ce ba zai yiwu ba. Mutumin ya wuce shi ya zo wajen matuƙi, yana tunatar da shi ko shi wane ne. Baba Kanal ya ce ya amsa masa da ladabi, "Ranka ya daɗe, ni na san ka, amma jirgin bai san ka ba. Ka zaɓa, ko ragunan su tahi ko kai." Da Adaranci ya faɗe ta, har da "tahi" ɗin, ya yi ta dariya har shayin ya kusa ƙonewa. An kai ƙararsa, ba abin da ya biyo baya. Amma ya ce irin wannan rigima ta fi hadari gajiyar da shi, don jirgin soja a wancan zamani shi ne motar kasuwar duk mai ɗan uwa a bariki, kowa na neman alfarma, kuma kilo ɗari na alfarma na iya zama ajalin mutum hamsin.

Sai maganar gane hanya. Yau wayar da ke aljihun ɗan kabu-kabu tana nuna masa inda yake a duniya. Su da taswira suka yi aiki, da kamfas, da agogo. Ka san saurin jirginka, ka ƙiyasta yadda iska ke tura ka gefe, ka riƙe alƙibla ɗaya na minti kaza, sannan ka leƙa ƙasa ka nemi abin da ya kamata ka gani. Manyan filaye suna da na'urar rediyo da allura ke nunawa, waɗanda ASECNA, hukumar kula da sararin samaniya ta wasu ƙasashen Afirka, ke kula da su, ita da ke da makarantar koyon yanayi da zirga-zirgar jirage a nan Yamai. Amma da ka wuce duwatsun Abzin ka shiga Tenere, babu kogi, babu hanya, babu gari. Itacen nan guda ɗaya tilo da ayarin gishiri ke auna tafiya da shi, wanda har a taswira aka sa shi, wani direba ya buge shi a 1973, gangar jikinsa na gidan tarihi na Yamai. In hazon hunturu ya sauko kuwa, sama da ƙasa su zama launi ɗaya kamar kunun da aka dama, ido ya daina amfani, jiki ya fara yi maka ƙarya cewa jirgin ya karkata alhali yana daidai. Ya ce darasin da ya fi wuya a tuƙi shi ne ka ƙaryata jikinka ka gaskata allura. Da damina kuma hadari kan taso daga gabas a jere kamar bango, da jar ƙura a gabansa, wanda duk mazaunin Yamai ya san shi. Ba a ratsa shi, kewaya shi ake yi, in man ya isa.

Girman wannan hamada ya fito fili ranar 19 ga Satumba 1989, da bam ya tarwatsa jirgin kamfanin UTA na Faransa samfurin DC-10 da ya taso daga Injamena zai je Paris, mutum 170 suka mutu a sararin Tenere. Ƙaton jirgi ne, amma sai washegari wani jirgin sojan Faransa ya hango tarkacensa. In irin wannan ya kwana ba a gan shi ba, ka auna ɗan Dornier da injinsa ya tsaya.

Littafi na biyu shi ne mafi kauri, kuma ba don ƙwazon mai shi kaɗai ba. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, kamfani na biyu ya buɗe a Akokan a 1978, farashi ya hau, kuɗi suka shigo baitulmali. A 1979 Nijar ta karɓi Hercules C-130 guda biyu sababbi. Jirgi ne mai inji huɗu, yana ɗaukar kusan tan ashirin ko sojoji casa'in da ɗoriya, yana sauka a titin ƙasa, kuma tafiyar Agadas da mota ke yi wuni da kwana yana yin ta cikin awa ɗaya da rabi. Har shugaban ƙasa ya samu Boeing 737 da aka raɗa wa sunan dutsen Bagazam. Shafukan waɗannan shekaru babu wurin sa yatsa, har akwai sunayen biranen ƙetare. Kana juyawa kana ganin ƙasa mai kuɗin mai, mai kuɗin kayan gyara, mai iya tura matuƙanta su sabunta horo.

Sannan sai shafukan su fara ramewa. Farashin yuraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, farin 1984 da mutane suka raɗa wa El Buhari ya zo, aka shiga tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan masu ba da bashi. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987. Zuwa shekarun 1990 ma'aikata na bin bashin albashi na watanni, har sojoji suka yi bore a Fabrairu 1992 kan haka. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ma'ana duk wani noti, taya ko famfo da ake sayowa da kuɗin waje ya ninka farashi a dare ɗaya. A littafi na uku akwai watannin da layi biyu ne kacal, akwai wanda babu komai sai hatimi a ƙarƙashin sifiri.

Mutane da yawa ba su gane illar wannan sifirin ba. Ana ɗauka jirgin da ke ajiye yana hutawa ne, matuƙin da ke zaune a ofis kuma iliminsa na nan. Ba haka ba ne. Jirgi yana da sassa da ake canzawa bisa awoyin tashi, yana da waɗanda ake canzawa bisa kwanan wata ko ya tashi ko bai tashi ba, don roba na bushewa a zafinmu, ƙura na shiga ko'ina. Akwai kuma babban gyara da ake kwance jirgi gaba ɗaya, wanda sai an kai shi waje. In babu kuɗi, sai a fara cire sashe daga jirgi ɗaya a sa wa ɗan uwansa, yau famfo, gobe rediyo, har wanda ake cirewa ya zama ƙwarangwal a gefen rumfa. Matuƙi shi ma hannunsa na yin tsatsa. Doka ta ce sai ya yi sauka kaza cikin wata kaza, da rana da dare, ya wuce gwajin likita, ya maimaita abin da zai yi in inji ya kama wuta, kafin a ce yana nan daram. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma a shekarun nan haka aka dinga yi: a bar mutum wata uku bai tashi ba, ranar da buƙata ta taso a ce maza ya hau.

Ranar 16 ga Afrilu 1997 ɗaya daga cikin Hercules biyun ya faɗi dab da Yamai yana shirin sauka, mutum 14 suka rasu. Baba Kanal ba ya ciki, amma a runduna ƙarama irin wannan babu wanda ba abokin cin tuwonka ba ne. Bai taɓa yi mini bayanin ranar ba, ni ma ban matsa ba. Hajiya ce ta ce ya yi kwana uku bai ci abin kirki ba, kuma tun daga lokacin duk shekara yakan sa a yi waina a raba wa almajirai, ba ya faɗin dalili.

Akwai wani ɓangare da ba a taɓo a wajen ta'aziyya ba, ni kuwa ina ganin rashin adalci ne a tsallake shi. Jirgin da ya kai hatsi shi ne ya kai sojoji. Bayan kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa a Cintabaraden a Mayu 1990, cikin jihar Tawa, tawayen Abzinawa ya ɓarke, aka yi ta fama har yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 da muke hutu dominta duk shekara. A waɗannan shekaru layukan da suka rage a littafin yawancinsu arewa suka nufa. A tafi da samari da harsasai, a dawo da masu rauni da gawa. Shi mutumin Adar ne, ya tashi tare da Buzaye, sun ci kasuwa ɗaya, yana jin ɗan Tamashek. Wanda ya kai mai bindiga bai harba ba, amma ba za a ce ba ruwansa ba, kuma shi kansa bai taɓa cewa ba ruwansa ba. Abin da na ji daga bakinsa sau ɗaya shi ne, "Mun kai yara wurin da ba mu sauka mun gani ba." Ya kuma yi juyayin Mano Dayak, jagoran tawayen da ya mutu a haɗarin ƙaramin jirgi cikin duwatsun Abzin a Disamba 1995. Na yi mamaki, ya ce matuƙi ba ya murna da faɗuwar jirgi ko na waye.

Siyasa kuwa ta bi ta kansa kamar yadda ta bi ta kan duk sojan zamaninsa. Ya yi aiki a ƙarƙashin Diori, Kunce, Ali Saibu, Mahaman Usman, Ba'are, Wanke da Tanja, wasu da ƙuri'a suka zo, wasu da bindiga. Duk juyin mulki filin jirgi ake fara rufewa, kuma ranar 9 ga Afrilu 1999 a filin jirgin soja na Yamai aka harbe shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara yana shirin hawa mai saukar ungulu, wato a tsakar gidan ƴan sama. Na duba wannan wata a littafin. Babu tashi a ranar, babu wata alama. In aka kawo zancen a fada, sai ya ce a zuba na biyu.

Ritayar matuƙi daban take da ta sauran ma'aikata. Malamin makaranta in ya ajiye alli yana iya koyar da jikoki, makaniki na iya buɗe gareji. Matuƙi ranar da likita ya ce ido ko zuciya sun gaza, ko shekaru suka cika, an raba shi da sana'arsa ke nan har abada, don ba mai jirgi a bayan ɗaki. Wasu abokansa sun so komawa jiragen farar hula, amma Air Niger ta mutu tun farkon shekarun 1990, Air Afrique ta bi ta a 2002, ƙofar ta ƙuntata. Shi ya zaɓi tumaki da sahun farko a masallaci. Fansho na zuwa, ba ya isa yadda ake zato, ƴaƴa na cikawa. Wanda bai sani ba zai wuce shi a layin mai burodi yana zaton tsohon ɗan kasuwa ne. Sai dai in tsofaffin makanikansa sun zo gaisuwar salla, ka ga dattijo mai furfura ya ƙame a ƙofar zaure yana cewa "mon kolonel", shi kuma ya tashi tsaye ya ba shi kujerarsa. Ya ce mini duk awar da ke cikin littattafan nan, wani ne ya kwana a ƙarƙashin jirgi da tocila kafin a same ta, kuma ba a rubuta sunansa ko a layi ɗaya ba.

Ya ga sabon zamani da idonsa, daga kan kujerar roba. Ya ji daɗi ƙwarai a 2015 da Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a Nijar, ya ce wa jikarsa ta bar kallon waya ta kama lissafi. Ya ga Amurka ta kawo wasu Hercules daga 2021, ya ga sansani na 101 a Yamai da na 201 a Agadas sun cika da baƙi da jiragensu marasa matuƙi, ya kuma ga Faransawa sun tattara a ƙarshen 2023, Amurkawa a 2024. Da rahoton binciken kuɗin ma'aikatar tsaro ya fito a 2020 ana maganar miliyar 76 na sefa da suka salwanta, ciki har da kwangilolin jirage, ya yi shiru ya daɗe, sannan ya fara lissafa mini da yatsu ko injin Hercules nawa za a gyara da wannan kuɗi. A kan marasa matuƙi ba ya da ƙyashi irin na tsofaffi. Ya ce abu ne mai kyau a ga ɗan ta'adda ba tare da an sa yaro a haɗari ba. Tambayarsa ɗaya ce kullum, ko a kan jirgin Turkiyya ko na Rasha ko na wa: wa zai gyara shi bayan shekara biyar, kuma da kuɗin wa? Sayen jirgi ana yi masa biki a nuna a talabijin, ba a yi wa sayen taya da tace-mai biki, alhali su ke cika shafi.

Na mayar wa Hajiya jakar na ce na ajiyewa ne, a nisanta su da gara da ɗigon damina. Ta ce to, ta tura ta ƙarƙashin gado. Muna cikin haka sai ga ƙarar jirgi ya taso daga wajen filin Diori Hamani, irin ƙarar nan mai kauri da ke sa kwanon rufi rawa. Ƙaramin jikansa, wanda bai fi shekara shida ba, yana tsakar gida yana cin ragowar wainar sadaka. Ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Inji huɗu. Hercules ne." Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska.